Rashin Aikin Yi A Kaduna: Alƙaluma Sun Sauka, Majalisun Bakin Titi Sun Cika

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a tarukan gwamnati da shirye-shiryen rediyo, wato cewa rashin aikin yi a Najeriya ya sauka zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Duk wanda ya ratsa Tudun Wada ko Rigasa ko Kakuri ko Sabon Tasha da hantsi a ranar aiki, ya ga majiya ƙarfi a jere kan benci suna jiran la'asar, ya san da gyara a zancen. Ba mu ce hukuma ta yi ƙarya ba. Mudun da take awo da shi ne aka sauya, kuma sabon mudun ba ya kama irin ciwon da ke damun Kaduna.

Ga yadda abin ya faru. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 23.1 a zango na uku na 2018, ya hau zuwa 27.1 a zango na biyu na 2020, sannan ya kai 33.3 a ƙarshen wannan shekarar. A lokacin adadin Jihar Kaduna ya zarce na ƙasa baki ɗaya. Daga nan aka yi shiru fiye da shekara biyu. Da hukumar ta dawo a watan Agustan 2023, sai ta ce kashi 4.1 ne a zangon farko na 2023. Babu wata masana'anta da aka buɗe a tsakani da za ta haɗiye miliyoyin mutane. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39, aikinsa bai cika ba. Sai mai awa 40 ne ake ɗauka cikakken ma'aikaci. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai, in dai don kuɗi ko riba aka yi ta, ta isa a rubuta mutum cikin masu aiki.

Bari mu kwatanta da lissafi mai sauƙi. A ɗauka akwai mutum 100 da suka isa aiki a wani layi na Unguwar Sanusi. A cire 20, ɗalibai da tsofaffi da waɗanda ba sa neman aiki, saura 80. A cikinsu 30 na yin awa 40 ko fiye, 22 na yin tsakanin 20 da 39, wasu 24 na ɗan taɓa abin da bai kai awa 20 ba, kamar sauke kaya daga mota sau biyu a mako ko tsare wa wani shago, 4 kuma ba su yi komai ba suna ta nema. Tsohon mudu zai haɗa 24 da 4 ya raba da 80, ya ba ka kashi 35. Sabon mudu zai ɗauki 4 kawai, ya ba ka kashi 5. Layi ɗaya ne, mutanen ba su sauya ba, tukunyarsu ma ba ta sauya ba. Ƙari a kan haka, wanda ya gaji da yawo da takardu ya haƙura ya zauna, ba a ƙirga shi cikin marasa aiki ko kaɗan, domin sharaɗin shi ne ya nemi aiki a 'yan makonnin da suka gabata. Ita kanta NBS a rahotannin nata ta nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan suna ɓangaren da ba shi da rajista ko takardar ɗauka, kuma masu albashi ba su kai kashi 20 ba. Wannan layin na rahoton ne ya kamata ya zama kanun labari a Kaduna, amma ba mai karanta shi.

Dalilin da ya sa abin ya fi yi wa Kaduna zafi shi ne, garin a kan albashi aka gina shi. Kano garin fatauci ne tun kafin zuwan Turawa, yaro na tashi a shagon ubansa. Kaduna kuwa barikin gwamnati ce da soja da jirgin ƙasa, hedikwatar Jihar Arewa har zuwa 1967, daga baya ta zama garin masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a 1957, ta United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da Nortex da Finetex da sauransu, yawancinsu a yankin Kakuri. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, aka buɗe matatar mai a 1980. Masaƙun nan sau uku ake canjin ma'aikata a rana, safe da rana da dare, kuma kowane ma'aikaci ɗaya yana riƙe da mai abinci da mai gidan haya da tela da direban bas. Ba banza ba hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take Kaduna, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar da ta kai shi shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa.

Yana da kyau a tuna abin da ya kashe masaƙun dalla-dalla, saboda duk lokacin zaɓe sai an yi alƙawarin farfaɗo da su kamar makulli kawai za a murɗa. Na farko wuta. Injin kaɗi da na saƙa ba sa jure ɗaukewar wuta. In ta ɗauke zare ya tsinke, sai an bi an ƙulla, a yi asarar lokaci da kaya, shi ya sa kamfanonin suka koma dogaro da janareta. Na biyu baƙin mai, wanda ake hura tukunyar tururi da shi domin rini da buga zane. Daga matatar Kaduna ake samunsa, da matatar ta fara tangal-tangal sai ya yi wuya ya yi tsada. Na uku auduga. Noman ta ya ja baya a ƙasar Funtuwa da Gusau, wadda ake samu kuma sau da yawa a buhun leda ake zuba ta, zaren ledar ya shiga cikinta, shi kuwa ba ya kama rini, sai atamfa ta fito da tabo. Na huɗu, an ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ga kuma 'yan fasa-ƙwauri da ke sauke kaya a Kwatano su biyo ta Nijar, har da zanen masaƙun gida da ake kwaikwaya a buga a waje a sayar da rahusa. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe a 2007. Asusun naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta ware ta hannun Bankin Masana'antu ya taimaka an sake tayar da wasu injuna, amma bashi ba ya gyara wuta, ba ya tsare iyaka.

Sai kuma aikin gwamnati, wanda shi ne ɗaya ƙafar da garin ke tsaye a kai. A 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su, aka ɗauki wasu a madadinsu. A 2021 aka rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu. Mutane sun rabu a kan dacewar waɗannan matakai, kuma ba wannan muka zo tattaunawa ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, ƙofar nan ta ƙanƙance, alhali jami'ar jiha ta KASU da Kaduna Poly da ABU da Nuhu Bamalli Poly da kwalejojin ilimi suna yaye dubbai kowace shekara.

An samu sababbin jari, gaskiya ne. Olam ya buɗe kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun a 2017, an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Kakuri a 2018, ga jirgin ƙasan Abuja da ya fara aiki daga Rigasa a 2016. Sai dai masana'antar zamani injuna ne suka fi yawa a cikinta. Jarin da a da zai ɗauki mutum dubu uku, yau ɗaruruwa yake ɗauka, da yawansu kuma ta hannun 'yan kwangilar samar da lebura, ba fansho ba garatuti. Amfanin irin waɗannan kamfanoni yana wajen manomin masara da waken suya da mai kiwon kaji da direban tirela, kuma nan ne ya kamata a riƙa ƙirga ayyukan da suka samar.

To ina mutanen suka nufa? Sun shiga acaba da Keke da POS da cajin waya da jari bola da ga-ruwa da leburanci. A kan waɗannan aka ƙara 'yan gudun hijira daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun, har da na Zamfara da Katsina, manoma ne da suka bar gona suka shigo gari ba su da wata sana'a sai ƙarfinsu. Illar irin waɗannan sana'o'i ita ce shigarsu ba wuya, don haka cikarsu ma ba wuya. Mai POS ya saba cajin kusan naira 100 a kan kowace 5,000, kamfanin da ya ba shi na'ura ya cire nasa. In shi kaɗai ne a layi, zai ci abinci. In suka zama shida, masu cire kuɗin ba su ƙaru ba, cinikin ne aka raba shida, kowa na zaune awa goma sha biyu a ƙarƙashin lema. Haka ɗan Keke: kafin ya ga sisin kansa sai ya haɗa balas na mai abin hawa, ya zuba mai, ya biya tikitin ƙungiya da na hukuma, ya ajiye na bakanike. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 fasinja ya ragu, mutane sun koma takawa a ƙafa in tafiyar ba ta da nisa. Duk waɗannan a takardar NBS masu aiki ne. Kuma sana'o'i ne da sanarwa ɗaya ke iya tsayar da su, kamar yadda aka gani da hana acaba a cikin gari a 2014 da kuma 2021, ko rushe Kasuwar Barci a 2020 domin sake gina ta, inda teloli da 'yan gwanjo suka watse, yaran shago suka fi kowa ji a jika tun da su ba su da takardar shago balle a yi maganar diyya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 mutane suka sake matsuguni bisa addini, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Wannan ya raba kasuwar aiki gida biyu. Labarin gurbi ta bakin maƙwabci da abokin majalisa yake yawo, in maƙwabtaka ta yanke sai labarin ya tsaya a gada. Ga kuɗin mota. Yarinyar da ke Rigasa ta samu aikin shago a Barnawa sai ta hau abin hawa biyu ko uku kafin ta isa. A misali, in tana kashe 1,500 kullum, kwana 26 ya kama 39,000. In albashin 50,000 ne, me ya rage? Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin shaguna da ƙananan makarantun kuɗi. Idan irin wannan yarinya ta ajiye aikin, sai a ce 'yan zamani ba sa son wahala, alhali lissafi ta yi.

Maganin da aka fi yawan kawowa shi ne koyar da sana'a da raba kayan aiki, kuma a nan ne aka fi zubar da kuɗi a rariya. Yadda yake lalacewa sananne ne. Ana karɓar sunaye daga hannun 'yan siyasar mazaɓa, don haka rabin ajin sun zo ne saboda alawus. Ana koyar da ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa da turaren wuta, domin su ne masu arhar koyarwa, ba tare da an tambayi kasuwa ko tana buƙatar ƙarin tela ba. Horon mako biyu ne ko wata uku, alhali mai walda ko mai wayarin da za a iya sakar wa aiki yana buƙatar shekaru a hannun oga. Ranar yaye ɗalibai a ba mutum keken ɗinki, ba kuɗin haya, ba kuɗin yadi, ba wanda ya san shi da zai kawo masa ɗinki. Kafin wata ya ƙare keken ya isa kasuwa a rabin kuɗinsa. Ba mai komawa bayan wata shida ya duba mutum nawa ke cin abinci da abin da aka koya musu, abin da ake rubutawa a rahoto shi ne yawan waɗanda suka halarta.

Alhali kuwa akwai ayyukan da ake neman hannu ba a samu. Masu gine-gine a Kaduna da Abuja har gobe suna ɗauko masu tayil da POP daga Togo da Jamhuriyar Benin saboda kyan gamawa. Ana neman masu haɗa sola da suka iya lissafin batir da inbata daidai da nauyin kayan gida, ba masu haɗawa da ka ba, batir ya mutu cikin shekara. Ana neman masu gyaran firiji da ɗakin sanyi, da bakaniken da ya iya karanta na'urar gano matsalar motocin zamani, da masu juya mota zuwa iskar gas, da masu waldar bututu masu takardar shaida, irin waɗanda aiki kamar shimfiɗa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, yake buƙata.

Abin mamaki, makarantar da ta fi kowace girma a wannan fanni tana nan tsakiyar gari, wato Panteka. Can ake ƙera ƙofa da tukunya da injin niƙa da kayan gyara iri-iri, kuma dubban yara sun koyi sana'a a can ba da sisin gwamnati ba. Abin da suka rasa shi ne takarda. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya riga ya samu a wajen aji, kuma Kaduna Poly ta fara haɗa gwiwa da 'yan Panteka a kai. Matakan ba su da sarƙaƙiya: mai sana'a ya yi rajista a cibiyar da aka amince da ita, ya tara shaidar ayyukansa, hotuna da shaidar ogansa ko masu ba shi aiki, mai tantancewa ya zo ya tsaya a kansa yana aiki ya yi masa tambayoyi, wani ya sake duba hukuncin daga ciki, wani daga waje, sannan hukumar jarrabawar sana'o'i irin NABTEB ta ba da shaidar matakin da ya kai. Inda ake maƙalewa shi ne ƙarancin masu tantancewa, da kuɗin rajista, da takardun da duk Turanci ne, da kuma cewa duk ranar da mai walda ya bar shago ya tafi cibiya, ranar gidansa ba cefane. Gyaran shi ne a horar da manyan ogogin kasuwar su zama masu tantancewa, a yi tambayoyi da Hausa da baki, a je a same su a rumfarsu, gwamnati ta ɗauki kuɗin rajista. Kuɗin da ake sayen kekunan ɗinki ɗari da shi zai yi nisa a nan. Sababbin cibiyoyin koyon sana'a na Rigachikun da Soba da Samarun Kataf su ma za a gane amfaninsu ne in kowane ɗalibi ya yi rabin lokacinsa a wajen aiki na gaske, kuma aka riƙa biyan ogan da ya karɓe shi wani abu, kashi ɗaya a farko, ragowar in yaron ya ci tantancewa.

Takarda kuma ba ta walda sai da wuta. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, mai ƙaramar masana'anta ya shiga tsaka mai wuya: layin da ke da wuta ya yi tsada, mai arha ba wuta, ƙaramin janareta kuma ba ya ɗaukar injin walda sai babba mai shan dizal. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Wuraren da masu sana'a suka taru wuri guda, kamar Panteka da garejojin bakanike da layukan teloli, su suka fi dacewa da tashar wuta ta haɗaka, kowace rumfa da mitarta. In aka ce kuɗin bai-ɗaya za a riƙa karɓa, mai injin niƙa zai shanye wutar mai aski, rigima ta kashe tsarin.

Mu koma kan awo, domin shi ne abin da muka fi so wannan wasiƙa ta isar ga Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna. Samfurin NBS na ƙasa baki ɗaya ne, ba zai iya gaya mana abin da ke faruwa a Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da sassan Chikun da Igabi da suka haɗu suka zama birni ɗaya ba. Ana buƙatar binciken birnin kansa, duk wata uku, a gidaje kamar 1,200 zuwa 1,500 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga unguwanni. Duk wata uku muka ce, saboda 'yan cirani na cika gari da rani su koma gona da damina, awo sau ɗaya a shekara zai ruɗe mu. A tambayi awa nawa mutum ya yi a kwana bakwai, nawa ya shigo hannunsa bayan ya cire mai da balas, ko yana son ƙarin aiki, ko an biya shi albashin watan jiya a kan lokaci, nawa yake kashewa a mota, da kuma matasa nawa ne ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a.

Kurakuran da za a kiyaye su ma sanannu ne. A Hausa, aiki na nufin aikin gwamnati ko na kamfani. Ka tambayi tela ko yana aiki, zai ce a'a, yana dai ɗan taɓa ɗinki. Don haka tambayar ita ce, me ka yi a makon nan da ya kawo maka kuɗi. In aka tsaya a zaure aka tambayi maigida kaɗai, matan da ke awara da ƙuli-ƙuli da kitso da ɗinkin hula a cikin gida za su ɓace daga lissafi, dole a samu mata masu shiga ciki su tambaye su da kansu. In mutane suka zaci rajistar tallafi ce, kowa zai ce ba ya komai, sai an bayyana tun daga bakin ƙofa, ta bakin mai unguwa, cewa babu kuɗi a ciki. Sannan taswira. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, kuma unguwanni da dama a bayan Rigasa da Mando da Millennium City da Maraban Rido gonaki ne a lokacin. Wanda ya zaɓi gidaje da tsohuwar taswira zai tsallake daidai wuraren da baƙi da marasa aiki suka fi taruwa, don haka sai an fara sabunta jerin gidaje da hoton tauraron ɗan'adam kafin mai tambaya na farko ya fita. A kuma wallafa sakamakon da mudu biyun, tsoho da sabo, gefe da gefe, a tsayayyar rana da kowa ya sani, da Hausa da Turanci.

Mun gode da ba mu fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu nazarin harkokin ƙwadago da sana'o'i,
Kaduna.